Littafin da Ya Yi Gemun Zare

"...Ya gajiya kuma, Amarya? Ko da yake ban ga abin gajiya ba. Shekara arba'in kina taka keken nan, har yau bai kai ki ko bakin titi ba."

"Gajiya ta bi lafiya, sai wadda ka shigo da ita yanzu. Sunkuyo a hankali, Mai Kunnuwa, kada ka kwashe mini labule da su."

Mai maganar farko saurayi ne dogo siriri, ɗan shekara ashirin da shida, wanda aka buga littafinsa na farko wata biyar da suka wuce. Mai ba shi amsa kuwa kakarsa ce, wadda ta haifi mahaifiyarsa, tela ce da ta tsufa a kan keke ba tare da ɗinkinta ya tsufa ba. Tun yana rarrafe take kiran sa mijinta, shi kuma tun da bakinsa ya buɗe yake kiran ta Amarya, kuma ba su taɓa haɗuwa sun rabu ba tare da sun wanke juna tas ba. Shagon ɗaki guda ne. Keke yana gaban taga, teburin yanka yana jikin bango, ga bencin masu jira, ga madubi mai tsaga a kusurwa, ga kuma igiyar da ake rataye ɗinkin da ya kammala.

Abin da ya kawo shi a fili shi ne rigarsa mai ruwan toka, wadda ta yi alkawarin gamawa tun makon jiya. Da ita yake so ya je wurin editan kamfanin ɗab'i da ƙarfe huɗu. Abin da ya fi rigar nauyi kuwa yana cikin jakarsa: ambulan mai ɗauke da shafi goma sha biyu. Littafinsa labarin yara biyu ne 'yan ajin ƙarshe na sakandare, ɗan mai gyaran keken hawa da 'yar mai shagon magani, waɗanda suka so juna, suka wahalar da juna, daga ƙarshe kowa ya kama gabansa. Masu karatu sun yi masa ca a waya saboda wannan rabuwar. Editan ya ce ba za a yi bugu na biyu ba sai an sake babin ƙarshe an haɗa su aure. Ya yi mako uku yana rubuta sabon babin, kuma ko sau ɗaya bai iya karanta shi har ƙarshe ba tare da ya ji kamar ya ci amanar wani ba.

"Ina rigata?" ya tambaya.

"Ga ta can."

"Wannan ai hannu ɗaya gare ta."

"To, da hannu nawa kake rubutun? Na yi maka na aiki, na zaman banzan ya jira."

"Amarya, ƙarfe huɗu fa zan ga edita."

"Shi editan rigarka zai buga? Zauna ka ba ni iska, ka tare mini taga da wannan tsawon naka marar amfani. Mijin kirki in ya zo wurin matarsa, da leda yake shigowa. Kai kullum jaka, jakar ma ta takarda."

"Matar kirki ai da haƙora ake samun ta. Me zan sayo miki da za ki iya taunawa?"

"Saura guda tara, kuma kowanne ya fi ka ƙwari. Me ya sami fuskarka ne, ta yi kamar rigar da aka manta a cikin jiƙo?"

Ya zauna a benci, ya ciro waya. Bai yi niyyar gaya mata ba, amma maganar ta riga ta cika masa ciki.

"Masu karatu ne. Ji wannan: 'Marubucin nan ba shi da imani, ya sa mun yi kwana uku muna bin yara, ya raba su a tasha.' Ga wata: 'Da na san haka zai ƙare da ban fara ba.' Wani ma tauraro ɗaya ya ba ni cikin biyar."

"Tauraro? Shi ya halicce su da zai riƙa rabawa?"

"Haka ake auna littafi yanzu."

"Allah ya kyauta. Ni da tef nake awo, shi ma sai mutum ya tsaya a gabana na ga ƙirarsa. To, sai aka yi yaya?"

"Sai edita ya ce in sake ƙarshen. Na sake. Ga shi nan a jaka, an ɗaura musu aure, kowa ya huta."

Ƙafarta ta ɗan tsaya a kan keken, sa'an nan ta ci gaba da takawa. "Kai ka sani. Ni me ya dame ni da shirmen yara? Yaro bai iya wanke wuyansa ba, wai soyayya."

"Ai na san ba ki damu ba. Kwafin da na kawo miki ma ban san inda kika jefa shi ba."

"Yana da amfani ƙwarai. Ƙafar keken nan ce take rawa, na tokare ta da shi. Tun da nake ban taɓa ganin littafi mai daidaita keke irin naka ba. Ka rubuta na biyu, teburin ma yana gurgunta."

Ya sunkuya ya leƙa ƙarƙashin keken. "Wannan ai guntun katako ne."

"To, na teburin ne."

"Teburin ma katako ne."

"Ka zo karɓar riga ne ko binciken ƙafafun kayana? Tashi ka miƙo mini zare mai ruwan toka, in dai kana son hannun nan naka."

Ya miƙe ya nufi durowar teburin. Hannunsa na kaiwa ga ta ƙasa sai ta ce, "Ba wannan ba, ta sama." Saurin da ta yi maganar ne ya sa ya ja ta ƙasan. A ciki ya ga wani abu a naɗe cikin farin ƙyalle mai tsabta, irin naɗin da take yi wa yadi mai tsada. Da ya warware, sai ga littafinsa mai koren bango, ya kumbura har ba ya rufuwa. Gefen shafukan duk zare ne, ja da shuɗi da rawaya da baƙi, kowanne an soka shi da allura an ƙulle, an bar jelarsa tana lilo.

"Amarya, me ya sami littafina ya yi gemu?"

"Ya girmi mai shi ke nan. Kai shekara nawa kana jiran naka?"

"Wa ya yi wannan?"

"Ɓeraye."

"Ɓerayen shagon nan sun iya ƙullin tela."

Ta cire tabarau, ta goge shi da gefen mayafi, ta mayar. Kakar nan ba ta yi karatun boko ba. Lambobin tef kaɗai take karantawa, amma su kam ba ta taɓa kuskure su ba. Da ya kawo mata littafin, a ransa na ado ne, irin abin da tsohuwa za ta ajiye ta riƙa nuna wa baƙi.

"Tun da ka tona, sai ka ji," in ji ta. "Duk wanda ya zauna a bencin nan jiran ɗinki, ba ya zaman banza. Babi ɗaya zai karanta mini da ƙarfi, ina ɗinki ina ji. Wanda ya ƙi, rigarsa ta kwana."

"Shi ya sa mahaifiyata take cewa mutane suna kuka da ke, kin koma saɓa alkawari?"

"Tela da cika alkawari, a ina ka taɓa ji? Da can ma ina saɓawa, yanzu ne dai na sami dalili. In mutum ya tsaya a tsakiyar babi mai daɗi, sai in ce maɓalli ya ƙare, ya dawo jibi."

"Zaren fa?"

"Ni ba ni da waya mai taurari. In mai karatu ya fusata, in ce ya nuna mini wurin da yatsa, in soka ja. In ya yi hawaye, shuɗi. Dariya, rawaya, ka ga ba su da yawa, don ba ka da ban dariya sai a fuska."

"Baƙin kuma?"

"Baƙi na wanda ya yi shiru ne. Ya kife littafin a cinya, ya ƙura wa bango ido, har sai na ce masa malam, ci gaba."

Ya koma benci ya zauna da littafin a hannu biyu. Ya buɗe babi na huɗu, inda yarinyar ta fara yi wa yaron aikin gida a ɓoye don kada a kore shi. Jan zare biyar ne a jere.

"Wannan na farko nas ce," in ji Kaka, ba tare da ta dubi shafin ba. "Ta ce da yarinyar ƙanwarta ce, da ta kwaɗa mata mari. Yarinya mai kai kamar wannan ta zauna tana yi wa ƙato lissafi. Na biyu malamin makaranta ne, shi kai ya zaga. Ya ce ka sa malamai sun zama makafi, shi da kallo ɗaya yake gane rubutun da ba na ɗalibi ba."

"Ai an kama su a babi na tara."

"Da ya kai can ya ce to, yanzu marubucin ya yi hankali. Na ce masa kada ya yi saurin yabo."

"Wannan jan mai kauri fa, har ninki biyu?"

"Tsohon ɗan sanda ne, ya kawo wando a rage masa ƙugu. Wurin da yaron ya fasa wayar yarinyar don ya ga ta gaisa da wani. Ya ce a ba shi yaron nan kwana biyu kacal, zai dawo da shi yana gaishe da kaji. Ya buga benci har almakashi ya faɗo. Wandon nan sau huɗu ina rage shi ina ƙarawa, don mutumin ya iya karatu, yana yi wa kowa muryarsa."

Mai Kunnuwa ya yi dariya, irin wadda ya kwana biyu bai yi ba. Ya ci gaba da buɗawa har ya kai babi na tara, inda aka tsayar da yarinyar a ofishin shugabar makaranta, yaron kuma yana waje ya kasa shiga ya ce laifinsa ne. Baƙin zare guda ɗaya ne a wurin, dogo.

"Wannan na wa?"

"Matar mai gawayi. Ta kai nan sai ta yi shiru. Can ta ce, 'Kaka, 'yata ma kwanan nan littattafai biyu nake gani a jakarta, ɗaya ba rubutun sunanta ba ne.' Ta tashi ta fita, ko zanen da ta zo karɓa ba ta ɗauka ba. Bayan mako ta dawo, ta ce sun zauna ita da yarinyar sun yi magana, ba duka ba zagi. Ta ce in gaishe da mai littafin."

"Ba ki gaishe ni ba."

"In gaishe ka kanka ya ƙara girma? Kunnuwan ma da ƙyar wuyan yake ɗauka."

Ya juya zuwa babin ƙarshe, sai ya ga abin da ya hana littafin rufuwa. Zaren da ke shafukan nan ya fi na sauran littafin duka. Ja a kan shuɗi, shuɗi a kan baƙi, wani wurin ma an rasa inda za a soka allura, an ƙulla sabon zare a jelar tsohon.

"Kin gani ko?" ya ce a hankali. "Ga ja nan birjik. Su ma ba su so ƙarshen ba."

"Kai dai an yi miji marar ido. Duba da kyau. Kowane ja da ke nan, akwai shuɗi ko baƙi a gindinsa, kuma na mutum ɗaya ne. Nas ta zage ka, ta share ido, ta ce a ba ta aro ƙanwarta ta karanta. Na hana, na ce ta je kanti ta nema. Ɗan sandan ya ce kai azzalumi ne, sa'an nan ya roƙi ƙyalle wai mura ke damun sa. Wannan shuɗin nasa ne."

"Amma edita ya ce mutane aure suke so."

"Mutane kullum suna so. Shekara arba'in ana tsayawa gaban madubin can ana ce mini, Kaka, a sake. Na san mai kuka don riga ta matse shi, wannan sai in farke in gyara ba musu. Na kuma san mai kuka don madubi ya nuna masa tumbinsa. Wannan ko na farke sau goma, tumbin nasa ne. Miƙo ambulan ɗin."

Ya miƙa mata. Ta zare takardun, ta jijjiga su, ta ɗora tef a kansu kamar mai awon kafaɗa.

"Faci ne," in ji ta.

"Ko kalma ɗaya ba ki ji ba."

"Sai na ji? Na ga yadda ka riƙo shi, kamar mai kai wa maƙwabci mushen kazarsa. Wanda ya yi ɗinki mai kyau, tun daga ƙofa yake ɗaga shi."

"To, ke a naki ra'ayin, ƙarshen farkon ya yi?"

Ta mayar da ido kan keke, ta gyara zaman rigar a ƙarƙashin allura, ko da yake ba ta karkace ba.

"Ban sani ba. Ban ji shi ba."

"Kamar yaya ba ki ji ba? Ga zare nan kamar sheƙar tsuntsu."

"In sun kai babin nan, cewa nake su karanta a zuci. Ni fuskarsu kawai nake kallo, in soka abin da na gani. Wanda ya buɗe baki zai ba ni labari, in ce zan ɗinke masa aljihu. Na san dai an rabu, tun da kowa da zagin da yake fita. Yadda aka rabun ne ban sani ba."

"Don me?"

"Don ina da miji marubuci, wai. Ya zauna ya rubuta wa 'yan matan duniya soyayya shafi ɗari biyu, matarsa ta gida ko layi ɗaya bai taɓa zama ya karanta mata ba. Ya miƙo mini littafi kamar mai ba da tikitin mota, ya fice. Na ce to, sauran na ji a bakin 'yan sanda da masu gawayi, amma ƙarshen da bakin mai shi zan ji, ko zai kai shekara. Yanzu kuma ka zo kana gaya mini za ka yanke shi tun ban gani ba."

Kunya ta rufe shi har ya rasa inda zai sa idonsa. Ya dubi agogon bango, uku ta wuce da minti goma. Ya gyara zama, ya raba zaren da yatsa don ya ga rubutun, ya fara karantawa.

Ya karanta yadda yarinyar ta sami gurbi a makarantar koyon jinya a wani gari mai nisa, da yadda yaron ya zo tasha da baƙin mai a farcensa, domin ya koma shagon mahaifinsa ya kama aiki. Ya karanta yadda ya ɗaukar mata akwati ya ɗora a mota, ya miƙa mata sabuwar waya a madadin wadda ya fasa, ba tare da ya sa lambarsa a ciki ba. Yarinyar ta ce masa, "Ba za ka ce in zauna ba?" Shi kuma ya ce, "Sau ɗaya dai bari in yi miki abin kirki." Motar ta tashi, ya tsaya har ta sha kwana, sa'an nan ya koma ya ƙarasa facin tayar da ya bari.

Tun a shafi na biyu keken ya yi shiru. Ya rufe littafin. Kaka ta jawo wani ƙaramin gwangwani daga bayan keke, ta fito da zare mai ruwan zinariya. Ya san zaren. Rabon da ta taɓa shi tun rigar da ta ɗinka wa mahaifiyarsa ranar da ta kammala makaranta. Sau uku tana neman kafar allura tana kuskurewa, ita da take zura zare ko ba ta duba ba. Ta karɓi littafin, ta sami ɗan wuri a ƙasan shafin ƙarshe, ta soka, ta ƙulle, ta datse da haƙori.

"Wannan launin na mene ne?" ya tambaya.

"Na wadda gashin yadi ya faɗa wa a ido."

"Ido biyu duka?"

"Yadin banza ne, yana zuba." Ta ja hanci, sai dariya ta ƙwace mata. "To, ka ci, Mai Kunnuwa. Ashe ba banza Allah ya ba ka su ba, ka ji mutane da su. Yaron nan da ka aura masa ita, da na sake ka yau ɗin nan."

"Ke za ki sake ni? Wa zai kwashe ki?"

"Ɗan sanda yana nan, kuma ya fi ka murya. Ungo." Ta naɗe littafin a farin ƙyallensa, ta ɗora masa a hannu. "Kyauta na ba ka, amma aro ne, gobe ka dawo mini da abina, akwai mai kanti da ta tsaya a babi na shida. Kai wa editan naka. Ka ce masa ga ra'ayin mutanen da suka karanta da bakinsu a gaban shaida. In ya iya, ya tsinke zaren nan ɗaya bayan ɗaya, sa'an nan ya yanke babin."

"In ya ce duk da haka ba zai buga ba fa?"

"Sai ka dawo mu ci gaba a bencin nan. Masu jiran ɗinki ba sa ƙarewa, ni kuma maɓalli ba ya ƙin ƙare mini."

Ya sa littafin a jaka, a wurin da ambulan ɗin ya fito. Takardun sabon babin suna kan tebur, ya tura mata su.

"Ga tukwici. Sai ki tokare teburin."

Ta shafa takardar da yatsa biyu. "A'a, wannan ta yi kyau da yankan samfurin wuyan riga. Ka ga, auren nasu ma zai yi amfani." Kafin ya kai ƙofa har ta ɗora alli, almakashi ya shiga tsakiyar ɗaurin auren.

"Rigata fa, Amarya?"

"Je ka da ta jikinka, ai ba kai za a duba ba. Ka dawo jibi."

"Jibin tela ko jibin mutane?"

"Ya danganta. Ka fara rubuta na biyun?"

"Babi ɗaya kawai."

"To, ka zo da shi. Babi ɗaya, hannu ɗaya."

Ya sunkuya ya fita yana dariya, jakar a rungume a ƙirjinsa, kunnensa na dama ya tafi da gefen labulen kamar yadda ta faɗa. Rigar mai ruwan toka kuwa tana nan a ƙarƙashin allura da hannunta guda, ɗayan hannun yana kan benci a ninke, ko alli ba a sa masa ba.